Rodin Jira a Rafin Tsallake

Wata Asabar ina tsaye gaban bencina ina lanƙwasa ringi, zoben rodi da ake ɗaure ginshiƙi da shi, sai samarin unguwarmu suka biyo ta wurin za su ƙwallo. Suka ɗan tsaya suna kallo. Ɗayansu ya ce, "Baba Sale, wannan aikin naku ai ba wani abu ba ne. Ka sa ƙarfe, ka ja, a biya ka." Na miƙa masa makullin lanƙwasa rodi na ce bismilla. Ya ja guda ɗaya, ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Suka yi masa dariya suka wuce. Tunda yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, hannuna kuma ya fara sabawa da biro, na ce bari in rubuta muku abin da ke cikin sana'ar, ku karanta a tsanake. Sunana Sale. Ayan benda ne ni, wato mai yanka rodi, ya lanƙwasa shi, ya ɗaure shi kafin a zuba kankare. Duk gadar da kuka hau akwai irin aikina a cikinta, sai dai ba a ganinsa.

Aikin da na fara taɓa rodi a Lugbe ne, lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki. Abuja a lokacin ba ka jin komai sai ƙarar tifa. Na zo daga ƙauyenmu na ƙasar Zariya ina leburanci, ina ɗaukar kwanon kankare a ka. Wani Bayarabe, Oga Fatai, shi ne babban benda a wurin. Ya ga ba na gudun rana, ya ce in dawo wajensa. Na ɗauka washegari zan fara lanƙwasa. Ina! Rodi idan ya sauko daga tirela a naɗe yake zuwa gida biyu, sai an miƙar da shi. Damina da rani ba abin da na yi sai miƙar da rodi da yanka wayar ɗauri. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, har ya daina.

Kayan aikin ba su da yawa. Benci ne na katako mai kauri da aka kafa wa guntayen ƙarfe, sai makulli na lanƙwasa, sai dogon fayif da ake zura wa makullin idan rodin mai kauri ne, sai zarto, tef, alli, da filaya ta murɗa waya. Yanzu akwai injin yanka, amma mu da zarto muka koya. Wahalar ba a ƙarfin hannu take ba. Rodi idan ka lanƙwasa shi yana cin tsawo, kowace lambar kauri da irin cinta. Idan ba ka cire wannan a lissafinka tun kafin ka yanka ba, ka ɓata ƙarfen mutane. Oga Fatai da Hausarsa ta Abuja yakan ce, "Sale, ka duba shi sau biyu. Rodi ba riga ba ne, tela ba zai gyara maka ita." Kuma rodin da aka lanƙwasa aka sake miƙarwa ya riga ya ji ciwo, ko da ido bai gani ba.

Shi ne ya koya mini abin da muke kira rodin jira, kuma a kansa labarin nan yake. Idan an zuba ginshiƙi, ba a yanke rodin daidai da kankare. Ana barin kawunansa a tsaye a waje, domin idan an zo ɗora sama a haɗa sabon rodi da su a ɗaure. Tsawonsu yana da ƙa'ida. Idan sun gaza, haɗin ba zai riƙe ba. Idan tsatsa ta ci su, kankare ba zai kama su ba. Shi ya sa idan aiki zai ɗan tsaya, ake dama siminti da ruwa a shafe su. Na tambayi Oga Fatai shafin yakan kai yaushe. Ya ce, "Wata ɗaya, wata biyu, aiki ya dawo. Wane mahaukaci zai bar ginshiƙi ya tafi?"

Bayan ya sallame ni na yi aiki wurare da dama. Na yi kwalbatoci a hanyar gona ta wajen Yangoji, inda manoma suka dinga kawo mana doya gasasshiya. Na yi wa ma'aikatan gwamnati gidaje, masu zuwa ran Lahadi da farar shadda suna tambaya ko ba za a rage rodi ba. Na yi wa 'yan kwangila iri-iri. A nan na koyi auna aiki da ƙarfe. Mu ba ma kallon allon da aka kafa, ba ma sauraron jawabin ranar buɗe aiki. Tirelar rodi muke jira. Idan aka sauke siririn rodi mai karyewa a wurin lanƙwasa, mun san aikin na cin kuɗi ne. Idan aka sauke mai kauri, mai kaifin zane a jiki, mun san da gaske ake. Wannan awon bai taɓa ba ni kunya ba, sai sau ɗaya.

Aikin gadar Tsallake ya same ni ina haya a Masaka, ɗaki ɗaya da matata Hajara da yara. Can bayan gari, inda Abuja ta ƙare jiha ta fara, akwai rafi. A hayinsa akwai 'yar unguwa da ake kira Tsallake, fili da araha saboda babu hanya, sai wata gadar katako ta masu ƙafa da 'yan acaɓa. Gwamnatin jiha ta ba da kwangilar gada a wurin, aka ɗauke ni babban benda. Ranar da tirela ta zo na hau na duba. Rodi ne mai lamba ashirin da biyar, irin wanda sai mutum biyu sun rataya a fayif kafin ya lanƙwasu. Na gwada guda, bai tsage ba. Tunda nake ban taɓa ganin an kawo wa ƙaramin rafi ƙarfe irin wannan ba.

Da na koma gida na ce wa Hajara za mu sayi fili a Tsallake tun kafin ya yi tsada.

Ta ce, "Baban Rabi, a bari a gama gadar mana."

Na ce, "Idan an gama ai ba irinmu ne za su saya ba. Na ga ƙarfen da idona."

Akwai abokina Alhaji Mudi, Bakatsine, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Masaka. Da ya ji labari ya kira ni gefe ya ce, "Benda, tsakaninka da Allah, aikin nan na gamawa ne? Ka san ni ban yarda da gwamnati ba ko a mafarki."

Na ce, "Alhaji, ba gwamnati na ce ka yarda da ita ba. Wanda zai gudu ba ya sayen irin wannan rodin."

Ya sayi fili kusa da nawa, ya ce zai buɗe babban shago ya riga kowa. Muka yi gini, muka tare.

Ginshiƙai biyu muka tayar a cikin rafin kafin ruwa ya sauka. Aikin ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Na bar musu rodin jira daidai yadda takarda ta ce. Na kuma yanka rodin da za a shimfiɗa a sama, na lanƙwasa, na jera su kashi-kashi a bakin rafi. A lokacin ban iya rubutu ba, don haka alamata ita ce ƙafar kaza, zane uku da jan fenti a kan kowane ɗauri. Muna shirin kafa katakon da za a zuba kankaren saman gadar a kai sai injiniyan da ma'aikata ta turo, Injiniya Nura, ya zo. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya raina lebura. Ya ce, "Malam Sale, a shafe rodin nan da ruwan siminti. Za a ɗan dakata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, har yaushe?"

Ya ce, "Har a saki kuɗi. Gadar tana cikin kasafi, kada ka damu."

Na ce to idan tana ciki me ya rage? Ya yi ɗan murmushi ya ce sa abu a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Kasafi kamar a ce maigida ya zauna farkon shekara ya lissafa duk abin da zai yi wa gida ne. Abin da ya shigo hannunsa kuma bai kai ba, sai ya zaɓi wanda zai fara. Na ce na gane. Na dama siminti na shafe.

Ba a daɗe ba tirela ta dawo, ta kwashe rodin da na jera a bakin rafi. Aka ce ajiya za a kai su saboda ɓarayi. Bayan 'yan makonni ɗan kwangilar ya aiko a kira ni, ya samu aikin gaggawa a babban birnin jiha. Ƙofar shiga gari za a gina, da shataletale a gabanta, saboda manyan baƙi da za su zo wani taro. Na je. Da aka nuna mini tarin rodin da zan yi aiki da shi, sai ga ƙafar kaza da jan fenti. Rodin gadarmu ne. Na tsaya ina kallonsu har foman, shugaban ma'aikatan wurin, ya ce, "Oga benda, lafiya?" Na ce lafiya. Na ɗauki zarto na yanke lanƙwasar da na yi da hannuna, na sake yanka su daidai awon ƙofa. Wannan aikin babu dakatawa a cikinsa, ko Lahadi ba mu huta ba. Ƙofa ce mai kyau, ban ce ba ta da kyau ba. Har yau idan na wuce ta ƙarƙashinta a mota nakan ɗaga kai.

Daga nan na daina tambayar kowa inda kuɗin jiha suke zuwa, domin duk inda suka je ana kirana. Shekarar da aka yi tagwayen titi zuwa unguwar manya, ni na ɗaure rodin magudanarsa. Shekarar da aka kewaye wani gidan saukar baƙi da doguwar katanga, ina wurin. Ba duka ne na ado ba, kada in yi ƙarya. Na yi wata gada a hanyar wani ƙauye da aka fara aka gama cikin rani ɗaya, mutanen suka yanka mana akuya, wata tsohuwa ta dinga shafa kankaren tana addu'a. Aka ce wani babba ɗan garin ne. Mu a Tsallake ba mu da babba. Baƙi ne duka, masu kwana a jiha su yi aiki a Abuja, yawancinmu ma ƙuri'armu tana garuruwanmu.

Duk farkon shekara idan ana karanta kasafi a rediyo, a shagon Alhaji Mudi muke saurara. Babban shagon da ya yi niyya bai wuce teburi da kwali biyu na taliya ba, domin mota ba ta shigowa. Idan aka ambaci gadarmu sai ya ƙara murya ya ce, "Jama'a, ku yi shiru, gadar Benda ta sake fitowa! Benda, bana ma an gina ta a rediyo. Ka hau ka tsallaka mana mu gani." Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Kashegari in ɗauki bokiti in gangara rafi.

Shafin yana da yadda ake yinsa, kuma ba wanda ya sa ni. Kafin ruwan farko nake yi, lokacin da rafin ya ja baya. Sai ka kafa tsani, ka bi kowane rodi da ƙaramar guduma ka kakkaɓe tsohon shafi. Ka goge da buroshin waya har ƙarfen ya nuna fuskarsa. Inda ka ga ja-ja ka tsaya a wurin ka ƙara gogewa, musamman gindin, inda rodi ya shiga kankare, domin nan ruwa ke kwanciya. Sannan ka dama siminti kaurin kunu, ka shafa da guntun tsintsiya, ka bari ya sha iska, ka sake shafawa. Simintin wani lokaci ragowar wurin aiki ne nake roƙa, wani lokaci Alhaji Mudi ne ke saya yana mita.

Mummunar shekarar ita ce wadda aka ce farashin ɗanyen mai ya faɗi. Aiki ya tsaya ko'ina, har a cikin Abuja. 'Yan kwangila suka kashe waya. Na koma yin murhun gawayi da guntayen rodi ina kai wa mata kasuwa. A daminar ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi da gadar katako. Samari suka ɗaura igiya daga wata bishiya zuwa rodin ginshiƙin farko, daga nan zuwa na biyu, daga nan zuwa hayi. Da ita ake riƙewa a ratsa ruwa. Yaranmu suka zauna a gida kusan zangon karatu guda. Hajara tana sayar da waina a kasuwar Masaka, ita ce ke riƙe da gidan a lokacin. Wata safiya tana ratsawa da tanda a ka, santsi ya kwashe ta. Ta riƙe igiya da hannu ɗaya, ɗayan ya bugi dutse ya karye a wuyan hannu. Tandar ta tafi. An ɗora hannun, amma bai koma daidai ba, tun daga nan a ƙofar gida take suya. Da na je ɗauko ta daga wurin mai ɗori, abin da ta ce kawai shi ne, "Baban Rabi, ƙarfen naka dai ya riƙe igiya."

A ranin da ya biyo baya 'yan gwangwan, masu farautar tsohon ƙarfe, suka zo. Ranar Juma'a ce, maza duk suna masallaci. Kafin mata su yi kururuwa sun yanke rodi na gefe ɗaya a ginshiƙi na biyu, sun gudu da su a kura. Na hau na auna abin da ya rage da hannuna, bai kai rabin kamu ba. Na nemi Injiniya Nura a waya. Ya zo da motarsa, ba aiko shi aka yi ba. Ya hau tsanin da takalminsa mai kyau ya duba, ya ce idan an fasa kan ginshiƙin kaɗan za a samu tsawon haɗi, ba a rasa shi ba tukuna. Amma idan aka sake yanka, sai dai a rushe. Da yamma sai ga Alhaji Mudi yana jan teburinsa zuwa bakin rafi, ya kafa rumfa daidai inda yake hango ginshiƙan.

Na ce, "Alhaji, Allah ya saka."

Ya ce, "Kada ka gode mini, ba don kai na yi ba. Ka riga ka sa na yi asara sau ɗaya, ba zan zauna a yi mini ta biyu ina kallo ba."

Haka muka riƙe su. 'Yarmu Rabi da aka goya muka tsallako da ita ta gama firamare, ta shiga sakandare. Gwamna ya tafi, wani ya zo, ya tafi.

Bara waccan, ana gab da zaɓe, sai ga motoci a hayi. An ce gwamnati mai ci ta saki kuɗin gadar Tsallake, kuɗi a hannu ba a rediyo ba. Injiniya Nura yana cikinsu, gemunsa ya yi fari. Ya karɓi gudumata ya hau da kansa, ya kakkaɓe shafin rodi ɗaya. Ƙarfen ya fito baƙi sumul, zanensa da kaifi kamar ranar da aka sauke shi. Ya gwada wani, haka. Ya sauko ya daɗe yana kakkaɓe hannu.

Ya ce, "Malam Sale, rodinka lafiya lau. Ko gobe za a iya ɗora musu gada."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Yaushe za mu kafa katako?"

Ya nuna ƙasa da mu kaɗan, inda wasu ke buga turaku. Ya ce, "A can za a yi. Abin da aka amince da shi sabuwar gada ce, mai faɗi, da sabon ɗan kwangila. Ƙarasa tsohuwa ba ya cikin kasafin bana. Na rubuta, na sake rubutawa. An ce wannan aikin gwamnatin da ta wuce ne."

Alhaji Mudi yana tsaye a bayanmu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ke bi ta nan shi ma na gwamnatin da ta wuce ne?"

Injiniya ya miƙo mini gudumata. Ba shi ya kamata a tambaya ba.

Sabon ɗan kwangilar ya nemi benda, aka nuna masa ni. Na karɓa, domin aiki aiki ne, gadar kuma ko a ina aka kafa ta mu za mu hau. Tirela ta zo, na hau na duba. Mai lamba ashirin da biyar ne, mai kyau, har ya fi na farko. Alhaji Mudi ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "To Benda, wannan fa? Na gamawa ne?"

Na ce, "Alhaji, ƙarfen mai kyau ne. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ranar da na zo yanka rodin sababbin ginshiƙan biyu, na auna tsawon jira yadda takarda ta ce, na sa alli. Sai na matsar da tef gaba, na ƙara kamu guda, na yanka a nan. Haka na yi wa dukkansu. Da aka tayar da su Injiniya Nura ya zo dubawa kafin a zuba kankare. Ya sa tef ɗinsa, ya duba takarda, ya sake sa tef.

Ya ce, "Malam Sale, waɗannan sun fi na takarda tsawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na takarda na wata biyu ne. Na ƙara na tsatsa da na 'yan gwangwan."

Ya dube ni, ya dubi tsofaffin ginshiƙan can sama da mu. Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu, ya ce a zuba.

An zuba, sun yi kyau. Aka yi zaɓe. Bayan zaɓe da 'yan makonni aka ce za a ɗan dakata.

To, samari, abin da ke cikin sana'ar ke nan. Ja da lanƙwasa za ku iya koya cikin shekara idan kuna da haƙuri. Wanda yake so da gaske ya same ni a rafi Asabar ta ƙarshe kafin ruwan farko, ya zo da guntun tsintsiya. Gwiwata ba ta son tsani yanzu, ginshiƙan kuma sun zama huɗu.